WPA2 ko WPA3: wanne ya dace da rautar shago?

Malam, jiya ka ce ka buɗe saitin rautar shagonka ka tarar da WPA2, da WPA3, da kuma wani zaɓi da ya haɗa su biyun, ka rasa wanda za ka taɓa. WPA2 da WPA3 hanyoyin kulle Wi-Fi ne da kalmar sirri. To bari mu jera su.

WPA2 tun 2004 ake amfani da ita, kuma tsarin AES da take kulle bayanai da shi har gobe yana da ƙarfi. Rauninta yana wajen gaisuwa ne. Duk sa'ad da waya za ta hau Wi-Fi, ita da rauta sukan yi musayar saƙo huɗu. Mai kutse zai iya zama kan benci a tsallaken titi da laftof ɗinsa, ya kama wannan gaisuwar a iska, ya naɗe ya tafi gida. In ya gaji da jira ma, sai ya aika saƙon ƙarya ya tsige wayarka daga layi, tana sake hawa ya samu abin da yake so. Daga nan ba ruwansa da shagonka. Kwamfutarsa ce za ta kwana tana gwada kalmomi a kan gaisuwar da ya naɗa don gano kalmar sirrinka, kai kuwa ba ka san wainar da ake toyawa ba.

A nan ne yawancinmu muke cutar kanmu, don lambar waya muke sakawa a matsayin kalmar sirri. Lamba 11 ce, amma huɗun farko irin su 0803 kowa ya san su. Saura bakwai ke nan, wato gwaji miliyan 10, abin da kwamfuta mai ƙarfi take gamawa kafin shayi ya huce. Balle ma lambar tana nan manne a allon shago.

WPA3, wadda ta fito a 2018, wannan ƙofar ta toshe. Ta zo da sabuwar gaisuwa mai suna SAE, wadda ko an kama ta ba a iya tafiya da ita gida a yi ta gwaji. Kowane zato sai an zo an gwada shi a kan rautar kanta, ɗaya bayan ɗaya. Ta kuma wajabta kariya daga waccan tsigewar, sannan ko an gano kalmar sirrinka daga baya, bayanan da aka naɗa a da ba za su buɗu ba.

Dukkansu dai sun taɓa faɗuwa. Mathy Vanhoef, wani mai bincike ɗan ƙasar Beljiyam, ya bankaɗo raunin KRACK a WPA2 a 2017, shi da Eyal Ronen kuma suka fito da Dragonblood a kan WPA3 a 2019. An fitar da gyara, amma sai wanda yake sabunta manhajar rauta da ta wayarsa ya amfana.

Shawarata: in duk na'urorinka sababbi ne, sa WPA3 zalla. In akwai tsohuwar firinta ko wayar da ta ƙi hawa, zaɓi na haɗaka, amma ka sani ta ɓangaren WPA2 ɗin ana iya biyo ka, don haka doguwar kalma ta zama dole. WPA2 tana karɓar haruffa 8 zuwa 63. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ka yayyafa lambobi a tsakani.

Tunda kana cikin saitin, kashe WPS, wato hanyar hawa Wi-Fi da gajeriyar lamba ko danna maɓalli maimakon kalmar sirri. Tun 2011 aka nuna cewa lambarta mai 8 gwaji kamar 11,000 take buƙata. Sauya kalmar shiga saitin rautar ita ma in har "admin" ce. Kwastomomi kuwa buɗe musu layin baƙi daban, don duk wanda ka ba kalmar shago, Android ɗinsa na iya fito da ita a hoton QR ya miƙa wa mai shagon kusa da kai.