Masu zuwa jinya gida ga mai ciwon daji: ra'ayina bayan mun gwada su

Mutane sun dame ni da tambaya wai masu zuwa jinya har gida ɗin nan aikinsu na da kyau ko kuɗin banza ne, to bari in faɗa gaba ɗaya kowa ya ji. Wasu ma'aikatan jinya ne a nan Kano, suna da aikinsu na asibiti, in sun tashi sai su riƙa bin gidaje, ana biyansu a kan kowane zuwa da kuɗin adaidaita. Ba zan kama suna ba saboda akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan yi ƙorafi.

Yayata ce ke fama da sankarar mama. An yi mata aiki, ta yi kimo, wato ƙarin ruwan maganin ciwon daji, a asibitin Malam Aminu Kano, daga baya aka tura mu asibitin Shika da ke Zariya don a gasa ciwon da na'ura, muka yi ta sintiri tsakanin tashar Unguwa Uku da Zariya. Da ciwon ya dawo ya fashe, ɗaukarta zuwa asibiti don wankin ciwo kawai ya zama azaba, ramin titi ɗaya in adaidaita ya faɗa sai ta riƙe hannuna kamar za ta karya shi. A nan ne wata maƙociya ta haɗa mu da su.

Wankin ciwon dai ba ni da abin cewa, sun iya. Sistar da ta fi zuwa mana ba ta taɓa ɓalle bandeji a bushe ba, sai ta jiƙa shi da ruwan gishirin asibiti ta jira ya saki da kansa, tana jan Yaya da hirar jikoki har a gama. Kuma warin nan, wanda duk ya yi jinyar irin wannan ciwon ya san me nake nufi, warin da ya sa Yaya ta daina yarda 'yan dubiya su shigo ɗakinta, mu kuma muna ta banka turaren wuta abin sai ƙara haɗuwa yake. Sista ta kira likitan Yaya a gabanmu, ya amince a riƙa daka filajil ana barbaɗawa a kan ciwon, wallahi cikin 'yan kwanaki ɗakin ya dawo ɗaki. Don Allah kar wani ya karanta ya je ya yi da kansa fa, da izinin likita aka yi.

Sai maganar mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi. Likita ya rubuta mata na ruwa amma gidanmu aka ce atafau ba za ta sha ba, wai ƙwaya ce, ku dai kun san yadda sunan taramol ya ɓaci a garin nan, duk wani maganin kashe zafi mai ƙarfi kallon kayan maye ake masa. Kawu har cewa ya yi ai in an fara ba wa mutum wannan to an sallama shi ke nan. Sista ce ta zauna da shi a soro, ta ce "Baba, wanda yake sha don ciwo a kan awon likita daban, ɗan shaye-shaye daban, kuma ba sai ciwon ya taso ake bayarwa ba, a kan lokaci ake bayarwa don kar ya taso." Ta kuma gaya mana tun farko cewa yana ɗaure ciki, dole a haɗa da maganin sakin bayan gida. Ita ta nuna min yadda ake juya mara lafiya duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, da inda ake cusa matashi, ta ce in ma'aunin zafi ya kai 38 ga wanda ke kan kimo kar a tsaya ba shi farasitamol ana jiran gari ya waye, asibiti kai tsaye, don kimo na karya sojojin jini.

Amma gaskiya abin da ya sa nake ganin kuɗin nan bai tafi a banza ba, ni ce. Kowa ya shigo Yaya yake yi wa sannu, daidai ne, ita ke kwance. Mai jinya kuwa daga "ya mai jiki" sai "Allah ya ba da lada" an wuce. Sista ce mutum ta farko da ta kalle ni ta ce "ƙanwata yaushe rabonki da barci?" Ta sa aka kira 'yan uwa aka raba kwana, ta faɗa musu ƙiri-ƙiri cewa in na faɗi jinyar mutum biyu za su yi. Ni da bakina ba zan iya faɗar wannan ba, sai a ce na gaji da 'yar uwata.

Ta wajenta kuma na ji labarin asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2021 da asibitoci 6 har da na Shika, don kansar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet ɗin maza. Ta ce ta ofishin walwalar marasa lafiya na asibiti ake bi, su ne ke tantance mai ƙaramin ƙarfi, don haka ku riƙa leƙa ofishin nan kuna tambaya, ba bara ba ce. Har 'yata ta sa na kai rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa, rigakafin da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta tun Oktoban 2023.

To ga inda suka ba ni haushi. Lokaci ba su da shi sam, a ce bayan la'asar sai a gan su bayan isha, ciwo ya jiƙe zani ya ɓaci kana ta kira. Da daddare kuma waya ba ta shiga, alhali tun farko cewa suka yi kowane lokaci a kira. Ranar da Sista ba ta nan suka turo wata da ko takardar da muke rubuta magani ba ta duba ba, ta fizge bandeji jini ya ɓalle, tana yi tana amsa waya. Akwai ranar da ma namiji suka turo ba tare da sun tambaye mu ba, Yaya ta ce ko kusa, kuma sai da muka biya kuɗin mota.

Kayan aiki ma kar ku bari su zo da nasu, auduga da safar hannu da filasta kuɗin da suke ɗorawa ya yi yawa, gara ku aiki wani kasuwar magunguna ta Dangwauro ya sayo da ɗan yawa a ajiye. Ku nemi ganin lasisin duk wadda za ta taɓa muku mara lafiya, ku kuma yi sharaɗi tun ranar farko cewa mutum ɗaya kuke so, in za a canja a sanar da ku kafin ta iso ƙofar gida.