Gargaɗi ga masu neman babur na hannu: a juye baƙin mai kafin ku biya

Jama'a, ina rubuta wannan ne da ɗacin abin da ya same ni, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya fi ƙarfin irinmu masu bin kasuwannin ƙauye, kowa ya koma neman babur. Sabon Boxer kuwa ya haura miliyan, shi ya sa ake rububin na hannu. Ta nan macuta suka samu ƙofa.

A Facebook na ga tallar: Boxer ja, wai ba a taɓa kwance injinsa ba, mai shi tafiya ce ta kama shi. Da na kira, ya ƙi mu haɗu a gidansa, ya ce in same shi a bakin titi kusa da wani mai shayi. Na tarar an wanke babur fes, inji har ƙyalli yake. Kik ɗaya ya tashi, ƙara lafiya lau, salansa ba hayaƙi. Na ɗora hannu a kan injin na ji da zafi, sai ya ce ai yanzu ya iso da shi. Ban kawo komai a raina ba.

Muna cikin ciniki sai ga wani mutum, ya zagaya babur, ya ce, "Oga, idan Malam bai shirya ba ni zan ƙara dubu ashirin." Mai babur ya ce a'a, shi mutum ne mai alkawari, ni na riga. Wannan maganar ce ta sa na sake da shi. Yanzu na gane bakinsu ɗaya. Abin da malamai ke kira najashu ke nan, mutum ya taya kaya ba don ya saya ba sai don ya zuga wani, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana. Muka daidaita a kan naira 640,000. Ya ce asusunsa na da matsala, in biya ta wajen mai POS. Ya ba ni takardu da rasit ɗin hannu, muka rabu.

Bayan kwana biyar na kai babur ɗin wajen bakanike a canza baƙin mai. Yaron bakaniken ya kwance noti, mai ya ƙi zubowa yadda aka saba, yana saukowa a hankali kamar zuma. Ya shafa a yatsa, ya sansana, ya ce, "Oga, wannan ai man giyar mota ne." A gindin kwanon kuma ga wasu 'yan ɓurɓushin ƙarfe suna walƙiya. Da aka zuba mai na ƙwarai, 20W-50, aka tada, sai ga ƙara ƙwas ƙwas daga ƙasan inji, ga shuɗin hayaƙi yana bin bayana. Na kira mutumin, ya ce, "Haba Malam, yaron ne ya zuba maka jabun mai." Na biye masa na ci gaba da hawa, domin ga kaya ga kasuwa na jira. Kwana huɗu bayan nan, tsakanin Bichi da Tsanyawa, da buhu biyu a baya, inji ya daskare, tayar baya ta ja ƙasa. Allah ne ya tsare, babu mota a bayana.

Dattijon bakaniken da ya buɗe injin bai yi magana ba sai da ya jera komai a kan kwali. Ya ɗaga kwanrod ya girgiza, yana rawa, boris ɗinsa ya ragargaje. Fistin ya goge, ringi ya karye, cikin bulo duk zane. Ya nuna mini kawunan notuna da sifana ta cinye, da jan gam da aka shafa maimakon gasket, ya ce, "Ɗana, wannan injin ya sha kwancewa, ba sau ɗaya ba." A ƙasan kaskon inji akwai tsaga da aka liƙe da gam aka fesa fenti a kai. Na ce, "Baba, to me ya sa ranar ban ji komai ba?" Ya ce mai mai kauri yana cike gurbin da ƙarfe ya cinye, sai ƙara ta kwanta, hayaƙi ya ragu. Amma da sanyin safiya ba ya saurin hawa sama, don haka abin da ya rage lafiyayye shi ma ya ci gaba da cinyewa. Zafin da na ji kuwa da gangan ne, domin inji mai ciwo da sanyi yake tona kansa.

Gyara ya ci naira 185,000, bashi na ciwo. Lambar mutumin a kashe, shafin an goge, mai shayi ya ce bai san shi ba, mai POS ya ce kuɗi kawai ya cire ya miƙa masa. Rasit ɗin babu adireshi, babu shaida. A shari'a wanda aka ɓoye wa aibi yana da haƙƙin mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa, to amma wa zan mayar wa?

Don Allah duk wanda zai sayi babur na hannu ya je da bakanikensa, ba wanda mai babur ko dillali ya kawo ba. Ku je da sassafe, a gidansa, ku taɓa inji ku tabbatar da sanyi kafin a buga kik. Idan da zafi, ku zauna ya huce ko ku dawo gobe. Ku kwance fulogi: in ya jiƙe da baƙin maiƙo, inji na shan mai. Abin da ya fi komai, ku sayi lita ɗaya ta mai da kuɗinku, a juye na ciki a gabanku a kwano mai tsabta, a zuba sabo, ku hau ku yi tafiya mai ɗan nisa, ku saurara. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Wanda ya fara cewa sauri yake, ko wani ya ɓullo yana ƙarin kuɗi, ku bar musu. Ku gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke takarda harafi da harafi, domin bayan ruɓaɓɓen inji akwai kuma babur na sata. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu da kuka san gidajensu, kuɗi kuma ya shiga asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa.

Makon jiya wani abokina ya turo mini wata talla daga sabon shafi. Babur ɗin baƙi ne wannan karon, amma kalmomin ba su canza ba: ba a taɓa kwance inji ba, mai shi tafiya ce ta kama shi. A gefen hoton ga bencin mai shayin nan.