Ruwan zinare marar sayanayid: yana aiki, amma ba ya jure ajiya

Wannan ruwan zinare na salfait, wato ruwan sinadari mai ɗauke da narkakken zinare da ake fitarwa da lantarki, shi muka koma amfani da shi a ɗakin gwaje-gwajenmu wajen yin siraran wayoyin zinare, kuma ni dai ba na fatan mu koma wa na sayanayid. Na sayanayid yana ba da zinare mai kyau, yana daɗewa bai lalace ba, amma asid na taɓa shi sai ya saki iskar da ke kashe mutum cikin mintuna. Mu kuwa kullum da asid a hannunmu, kuma na'urarmu ta zuƙe iska tana tsayawa da zarar an ɗauke wuta.

Faifan tacewa na alumina mai suna Anodisc nake amfani da shi, mai ƙananan ramuka masu faɗin nanomita 200 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). A shafe bayansa da azurfa, a zuba ruwan, a ba azurfar lantarki, sai zinare ya riƙa taruwa daga gindin kowane rami yana hawowa. Yawan cajin da ya wuce shi ke yanke tsawon wayar. Daga baya asid ya cinye azurfar, ruwan soda ya narkar da faifan, wayoyin kaɗai su rage. Da na duba a madubin lantarki mai ƙara girman ƙananan abubuwa, wayoyin sun fito miƙaƙƙu, ba su da rami a ciki.

Inda gizo ke saƙar shi ne ajiya. Salfait ba ya riƙe zinare kam kamar sayanayid. Idan pH, wato ma'aunin kaifin asid ɗin ruwa, ya sauka sosai ƙasa da 7, zinaren ya fara zubowa ke nan, ruwan ya rine, ka ga baƙin gari a gindin kwalba, kuɗinka ne kwance. Iska ma tana cinye salfait ɗin a hankali, zafin bazara kuma yana ƙara mata gudu. Ba kuma za ka ɗaga pH yadda kake so ba, domin alumina narkewa take idan ruwan ya yi kaifin alkali, wato kishiyar asid.

Saboda haka ƙaramar kwalba nake saya, in tsiyayi abin da zan yi aiki da shi, in toshe nan take. Wanda ya riga ya fita ba ya komawa.

Kada kuma rubutun "babu sayanayid" ya sa ka cire safar hannu. Asid na sa ruwan salfait fitar da iskar salfa mai shaƙe maƙogwaro, kuma wasu kamfanoni na ƙara taliyam ko asanik don zinaren ya yi sheƙi. Ka nemi takardar bayanin sinadaran kafin ka biya.