Wane takalmi za ka saya in dutsen tsibiri za ka hau?

Dutsen tsibiri mai nisa ba wajen da za ka sauko ka shiga shago ba ne, in takalmi ya yage maka a can sai dai ka jira jirgin ruwa, shi ma in iska ta bar shi ya zo. To kafin jaka da rigar ruwa, takalmi za ka fara nema.

But na fata mai dogon wuya shi ne mai ƙarko, yana riƙe idon sawu, kuma in ƙasansa ya cinye da yawansu ana iya canza musu wani. Matsalarsa nauyi, sannan sai ka yi ta yawo da shi a gida ya saki tukuna, in ba haka ba ranar farko dugadugai za su yi bororo. Na yadi mai Gore-Tex a ciki, wato wani shafi mai hana ruwa shiga, ya fi sauƙi a ƙafa, amma kar rubutun "ruwa ba ya shiga" ya ruɗe ka, wani lokaci gindin irin waɗannan duwatsu fadama ce, ka taka ka nutse har ƙwauri ruwan ya zubo ta sama, kuma in ya shiga to bushewa sai a hankali. Kambas ɗin gudun daji kuwa na gwanaye ne marasa kaya, ni dai ba zan ba sabon shiga shawararsa ba.

Abin da mutane ba sa dubawa shi ne ƙasan. Ɗauki duwatsun Cuillin na tsibirin Skye a Sikotland, inda ƙololuwar Sgùrr Alasdair ta kai mita 992, yawancin dutsen gabro ne mai kaushi sosai, yana kama takalmi amma yana cinye roba mai laushi, sai kuma ka faɗa kan wani irin dutsen, basalt, wanda da ya jiƙe santsi ne kawai. Juya takalmin ka duba, haƙoran su zama masu zurfi, dunduniyar ta zama mai kaifin baki don saukowa gangare, ka lanƙwasa shi da hannu, in ya naɗe kamar silifas ajiye musu abinsu. Tambarin Vibram, kamfanin da ke yin ƙasan takalmi, alama ce mai kyau amma su ma robarsu kala-kala ce.

Gwaji da yamma ake yi lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka hau da ita, ka ɗaure igiya ka gangaro matakala. In babban yatsa ya taɓa gaba, ƙara lamba. Kwana ɗaya da ƙaramar jaka na yadi ya isa, kwanaki da tanti a baya sayi na fata.