Kashe gargaɗin goge fayil: Windows da Mac ba hanyarsu ɗaya ba

Wani ɗan uwa ya ce yana da kwamfutocin tebur biyu a shagonsa, Windows da Mac. Ya gaji da akwatin da ke tare shi yana tambayar ko ya tabbata in zai goge fayil ko ya kai shi wata folda, yana so ya kashe su duka.

Malam, ana kashewa, amma gargaɗin biyu ba ƙofa ɗaya suke gadi ba. Na Windows yana tare ka ne kafin fayil ya faɗa kwandon shara. Na Mac kuwa sai ka zo zubar da kwandon yake magana.

A Windows, danna dama a kan Recycle Bin, wato kwandon shara, shiga Properties, cire alamar da ke kan "Display delete confirmation dialog", ka danna OK. Wannan ba shi da haɗari, domin abin da ka goge yana nan cikin kwando. Tun daga Windows 8 na 2012 ma a kashe yake zuwa, Windows 7 ne ke zuwa da shi a kunne. Sai dai a wannan shafin akwai wani zaɓi da ya fara da "Don't move files to the Recycle Bin". Don Allah kar ka taɓa shi. In ka zaɓe shi bayan ka kashe gargaɗin, danna Delete sau ɗaya ya isa ya tafi da takardar kwastoma, ba tambaya, ba kwando.

A Mac, Command da Delete suna jefa fayil a Trash, wato kwandon Mac, shiru. In kana son kashe gargaɗin zubarwa, buɗe Finder, manhajar duba fayiloli, shiga Settings, ko Preferences in sigar tsarin Mac ɗinka ta girmi Ventura na 2022, ka je Advanced, ka cire alamar "Show warning before emptying the Trash". Shawarata ka bar wannan a kunne, domin bayansa babu wata ƙofa. Gara ka sa alama a kan layin da ke ƙarƙashinsa mai cewa "Remove items from the Trash after 30 days", kwandon ya riƙa zubar da abin da ya cika kwana 30 da kansa. Ranar da kake sauri, Option, Shift, Command da Delete tare suna zubarwa ba tambaya.

Filashi ne ya fi rikita mutane. Windows ba ya ajiye masa kwando, shi ya sa ko ka kashe gargaɗin zai ci gaba da tambayarka ko ka yarda a goge har abada, kamar yadda yake yi in ka danna Shift da Delete. Mac kuwa yana ɓoye fayil ɗin a cikin filashin kansa. Za ka goge bidiyon biki mai gigabait 4, ka duba ka ga wurin bai dawo ba, sai ka zubar da Trash filashin yana jone.

Ɗauke fayil zuwa wata folda ba ya jawo tambaya a dukkansu. A faifai ɗaya, jan fayil yana ɗauke shi. Zuwa wani faifan, kwafi yake yi, sai in ka riƙe Shift a Windows ko Command a Mac. In hannu ya zame, Ctrl da Z, ko Command da Z, suna mayar da shi.

Akwatin da kake gani wajen ɗauke fayil yana fitowa ne kawai in an sami suna iri ɗaya a can, kuma ba a iya kashe shi. Karanta shi da kyau, musamman a kan folda. Windows yana haɗa kayan foldoji biyun. A Mac, danna Replace yana share tsohuwar folda gaba ɗaya, har hotunan da babu su a sabuwar. In haɗawa kake so, riƙe Option yayin da kake ja, ka zaɓi Merge in ya fito, in bai fito ba ka danna Stop ka canza wa ɗaya suna.