Gana, Saudiyya ko Dubai: ina ya fi daɗin zama?

Duk matashin da ya ɗaura aniyar fita neman abinci, wuraren nan uku yake juyawa a ransa. Ni Gana nake nuna wa mutum, kuma ina da dalilai.

Na farko takarda. Ɗan Najeriya yana shiga Gana ba biza, albarkacin yarjejeniyar ECOWAS, ya zauna har kwana 90. In zaman zai zarce haka, sai ya yi katin shaida na baƙi da izinin zama, ba wanda zai riƙe masa fasfo. A Saudiyya kuwa iƙamarka tana ɗaure da kafili, in kun saɓa ka shiga uku. Dubai kuɗin haya kaɗai ya isa ya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci. Libiya kada ma a sa ta a lissafi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne zango. Tun zamanin fataken goro da ke bi ta Salaga kakanninmu suka kafa unguwanni a can. Ka sauka Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Akara, ko Aboabo a Kumasi, da Hausa za ka yi ciniki, da Hausa za ka nemi hanya. Da asuba kiran salla ne zai tashe ka, ka fito ka tarar da mai koko da ƙosai a bakin titi, gefe guda ga mai shinkafa da wake tana zuba taliya da gari da dafaffen ƙwai a kai, ta naɗe maka a ganye. Da dare tuwon zafi da miyar ayoyo. Babban limamin ƙasar, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da Hausa yake magana, kuma ƙaramar salla da babbar salla duk ranakun hutu ne. Wutar lantarki, duk da wahalar dumsor, wato yawan ɗauke wuta, da suka sha wajen 2015, ta fi tamu zama nesa ba kusa ba. Tela da mai walda da mai sayar da ƙanƙara sun san darajar wannan. Kuɗi kuma a waya yake, har mai kayan miya tana karɓar MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya.

Amma ka buɗe ido a kan haya, don nan aka ƙona mu. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata 6, amma a Akara shekara ɗaya ko biyu ake nema a dunƙule. Wani dillali ya nuna wa ƙanena ɗaki, har da makulli a hannunsa, ya karɓi kuɗin shekara. Ranar tarewa sai ga wani bawan Allah da katifarsa, shi ma ya biya, mai gidan kuma bai san ɗayansu ba. Kada ka ba dillali ko sisi sai ka ga mai gida ido da ido, maƙwabta sun shaida shi ne, an rubuta takarda da shaidu. In da hali ka tafi da dattijon zango. Wanda ya ce ka tura kuɗi tun kana Kano don ya ajiye maka ɗaki ɓarawo ne. Fili ya fi haka haɗari, ana sayar da guda ga mutum uku. Haka masu kiran samari cewa aiki na jiransu, su biya kuɗin rajista, su ƙare a gidan tallan yaudara.

Ɗan kasuwa kuma ya sani, dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe sayar da kaya a rumfar kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma a 2019 da 2020 an garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akara. Mai sana'ar hannu ya fi mai buɗe shago kwanciyar hankali a can.