Kulocin gaba ko na baya: wanne ne ke damun tsohon babur ɗin ƙanƙara?

Wani ɗan'uwanmu da ke Manitoba a Kanada ya ce ya sayi tsohon Polaris Indy na shekarun 1990, wato babur ɗin da ake tuƙawa a kan ƙanƙara, yana fizga in zai tashi, kuma yana nishi in ya shiga ƙanƙara mai zurfi. Yana tambaya wane kuloci zai canza. Malam, kada ka sayi komai tukuna, domin alamun nan biyu ba lallai daga wuri ɗaya suke ba.

Irin wannan babur kuloci biyu ne da shi, na gaba da na baya, kowanne da faifai biyu, bel kuma ya haɗa su. Kulocin gaba yana kan bakin injin. Cikinsa akwai sifirin, da ƴan ƙarafa masu nauyi, da roloji. In ka ja totur, gudun injin ne ke watsa ƙarafan nan su matse faifan biyu, su kama bel. A yawancin irin waɗannan babura kamun yana faruwa ne tsakanin juyi 3,000 zuwa 4,500 a minti. Na baya kuwa ba ruwansa da gudun injin, nauyin hanya yake saurare. Yana da nasa sifirin da wani ƙarfe mai gangara, shi ke dawo da bel sama in tafiya ta yi tsauri, kamar direban da ya sauko giya a kan tudu.

To ka ga fizga wajen tashi, ƙarar kwaram-kwaram a silo, ko babur ya riƙa jan jiki kai ba ka taɓa totur ba, duk gaba ake fara dubawa. Cire murfin kariya, injin a kashe, ka girgiza faifan da ke motsi. In yana lilo gefe da gefe, bushin ya cinye. Murza kowace rola da yatsa: mai kyau tana juyawa sumul, wadda ta mutu za ka ji gefenta ya baje. Dubi fuskar ƙarafan ma, in rola ta haƙa musu rami, nan ne fizgar take. Kulocin gaba samfurin P-85 da ke kan yawancin Indy yana gyaruwa, kayansa kuma ba su da wuyar samu. Amma in ka ga tsaga a faifai ko da siririya ce kamar gashi, jefar da shi. Abu ne da ke juyi kusan 8,000 a minti dab da ƙafarka.

Nishi a ƙanƙara mai zurfi, ko injin ya kasa farfaɗowa bayan ka saki totur ka sake ja, wannan halin na baya ne. Sau da yawa sifirin ne ya saki, ko ƴan robobin da ke zamewa a kan gangarar sun ƙare. Gyaransa ya fi araha.

Ni dai da bel nake farawa, don shi ke sa mutane su zargi kuloci a banza. Wanda ya sirance yana nutsewa cikin na baya, sai babur ya tashi da babbar giya. In gefensa na sheƙi, zamewa yake yi. Ja layi da alƙalamin maka a kan faifan kulocin duka biyun, daga tsakiya zuwa baki, ka yi gudu a fili, ka tsaya ka duba. Inda layin bai goge ba, bel bai kai wurin ba. Goge faifan da soson Scotch-Brite da maganin wanke birki, kada giris ya kusance su. In sabon bel yana ci gefe ɗaya, duba robobin da injin ke zaune a kai.

Kada ka cire na gaba da guduma, akwai ƙusar cirewa ta musamman, guduma lalata bakin injin take yi. Sifirin kuma a matse yake, sai da abin dannewa ake buɗe shi.

Tunda ka riga ka buɗe, zuba sabon mai a akwatin sarƙa, ka duba ko tsohon ya fito da garin ƙarfe. In allurar gudu ta daina aiki haka kawai, yi maza ka duba boris ɗin sandar da ke jan robar ƙasa da babur ke tafiya a kanta, na ɓangaren wayar allurar, don sau da yawa shi ne ya tarwatse.